Jan Kwayil daga Legas

Sabitu direba ne, kuma a gidan Alhaji Mumuni wannan ba abin alfahari ba ne. Alhaji ɗan kasuwa ne, jikan 'yan kasuwa, mai rumfar shadda da atamfa a gefen Asigame, babbar kasuwar Lome. Ya ba Sabitu 'yarsa Zuhura ne don ita ta nace, uwarta kuma ta goya mata baya. Amma shekara da shekaru bai taɓa nuna ya san yana da suruki ba. In Sabitu ya zo gaisuwa, ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa, Alhaji zai amsa yana kallon carbinsa. In akwai magana, Zuhura ce ke kaiwa, ita ce ke dawo da amsa.

Haka muka tashi muka tarar a Zongo, unguwarmu ta Hausawan Lome. Suruki ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya musa masa. Sai dai kunya iri biyu ce, akwai mai ɗumi, akwai mai sanyi, kuma Sabitu ya san wadda ake yi masa. Abin yana cin sa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Motarsa tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya da tamfol, irin wadda muke kira bashe. Aikinta ɗaya ne, kwaso naman mahautan Zongo daga mayanka, can wajen tashar jirgin ruwa, zuwa kasuwa kafin rana ta ɗaga. Tun da aka rushe tsohon Zongo aka watso mu nan bayan gari, komai ya yi mana nisa. Sabitu kan fita bayan asuba, ya dawo da yamma yana warin jini da man fetur, bayansa kamar ba nasa ba. Motar ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba.

Wata rana Alhaji ya dawo daga sarin kaya a Legas. Aka raba tsaraba kamar yadda aka saba, turare, sabulu, takalman yara. Sabitu bai sa rai ba, don ba a taɓa sa shi cikin rabon ba. Sai ga Zuhura ta shigo da ƙaramin kwali, tana riƙe da shi da hannu biyu.

"Baba ya ce a ba ka," in ji ta.

"Ni?"

"Akwai wani mai mota a gidan nan bayan kai?"

Ya buɗe. Kwayil ne, abin nan mai kama da dogon gwangwani da ke aika wa fulogi wuta, wanda makanikan Lome ke kira bobin. Na motarsa baƙi ne, duk mai ya lulluɓe shi. Wannan kuwa ja ne jawur, yana sheƙi, a jikin kwalin an zana motar tsere tana tayar da hayaƙi.

Zuhura ta ce, "Mai sayarwar ya gaya masa wai irinsa motocin tsere ke sawa. Wai mota za ta yi gudu, ta rage shan mai. Baba ya ce tun da ya gan shi kai ya tuna."

Sabitu ya daɗe yana juya abin a hannu. Daɗi ya ji, daɗin da bai san ya shekara yana jira ba, har sai da ya juya baya kada matarsa ta ga idonsa. Kafin magariba ya kwance baƙin ya jefa ƙarƙashin kujera, ya ɗaura jan.

Kashegari da asuba, yana fitowa bakin titi, sai ya hangi Alhaji tsaye inda ya saba jiran tasi. Kullum Sabitu kan rage gudu ya rusuna daga cikin mota ya wuce. Ran nan Alhaji ya ɗaga hannu. Sabitu ya taka birki da ƙarfi har motar ta kusa mutuwa. Alhaji ya tattara rigarsa, ya shiga gaba ya zauna, cikin ƙarnin naman jiya. Suka yi tafiya mai nisa. Can Alhaji ya yi gyaran murya, ya yi magana yana duban gilashin gaba.

"Ta fi ƙarfi yanzu."

"Ƙwarai kuwa, Baba," in ji Sabitu, shi ma yana duban gilashin.

Gaskiyar magana, ba abin da ya canja. Yadda take tafiya jiya haka take tafiya yau, da tarinta da komai. Amma daga ranar Alhaji ya daina jiran tasi. Kowace safiya Sabitu zai sauke shi a bakin kasuwa, sannan ya wuce mayanka.

Ba a jima ba motar ta fara sabon hali. Da safe sai an yi ta murɗa makulli. In ta yi zafi sai ta riƙa shaƙewa. Sannan aka zo ranar da aka tare hanya don wani babban baƙo zai wuce. A shekarun nan wannan ba labari ba ne. An jera 'yan makaranta da matan jam'iyya cikin atamfa iri ɗaya suna rawa suna tafi, soja na tsaye, kai kuma da motarka sai ka jira har Allah ya kawo baƙon. Sabitu na cikin layi da nama cike da baya. Ya bar injin yana aiki don tsoron kada ya ƙi tashi. Injin ya yi ta ƙugi a tsaye, ya yi tari, ya mutu. Da aka buɗe hanya kowa ya wuce, shi ya rage. Kafin ya samu masu tura shi rana ta take, ƙudaje sun gano abin da ke ƙarƙashin tamfol.

Sarkin fawa bai yi masa faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗaga cinyar nama ɗaya ya sansana, ya ajiye. Ya ce, "Sabitu, masu abinci sun saya a wani wuri sun tafi. Mutanena ba za su iya wannan sau da yawa ba."

Da rana ya kai motar garejin Fo Komlan a unguwar Amoutivé. Fo Komlan tsohon bakanike ne, ɗan ƙabilar Ewe, mai Hausar kasuwa, ya san motar tun tana hannun mai ita na farko. Ya buɗe kan distributa, mai rarraba wa fulogi wuta, ya ciro kontak, 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa don yanke wa kwayil wuta. Bakinsu ya ƙone ƙurmus, ya yi rami. Ya duba kontak, ya duba jan kwayil, ya taɓa shi, ya janye hannu da sauri.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Kyauta ce," in ji Sabitu. "Fo, gaya mini tsakani da Allah. Akwai bambanci tsakaninsa da baƙin, ko fenti ne kawai?"

"Akwai bambanci mana. Wannan bobin yana jan wuta da yawa daga batir. An yi shi don injin da ke juyawa kamar mahaukaci, a can yana da amfani. Amma yana tafiya da ɗan'uwansa, wani ƙaramin farin abu kamar tangaran, rezistans, shi ke rage masa ci. Ina yake?"

"Shi kaɗai ya zo a kwali."

"Bon. To in babu shi, duk wutar nan ta kan kontak take bi, tana ƙona shi. Balle in ka tsaya a layi inji na aiki. Kuma ko da rezistans ɗin, me zai ƙara maka? Fulogi abin da yake buƙata kawai yake ɗauka. Kai nama kake ɗauka, ba tsere kake yi ba. Mayar da baƙin, ka huta."

Sabitu ya ce, "Uban matata ne ya kawo mini."

Fo Komlan ya shekara yana gyaran motocin 'yan Zongo, ya san abin da wannan ke nufi. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ayo. To Allah ya ba ka haƙuri." Ya sa masa sabon kontak.

A gida Sabitu ya zayyana wa Zuhura komai, ya roƙe ta ta kai maganar a hankali, yadda ta iya.

Ta ajiye muciya ta dube shi. "In ce masa me? In ce Baba, an cuce ka a Legas, abin da ka ɗauko tun daga can ka kawo wa mijina shi ke kashe masa mota? Ka san ya gaya wa duk 'yan majalisarsu? Jiya har Inna yake ce wa mijin Zuhura yaron kirki ne, ya san darajar kyauta. Tun da aka yi aurenmu ka taɓa jin ya ce haka?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ba da bakina ba. In kana so ka gaya masa da naka."

"Da wane bakin, Zuhura?"

Ta koma tuƙin tuwonta.

Sai ya shiga neman farin abin. In ya sauke nama ya bi masu kayan mota na Amoutivé, ya bi masu tsofaffin ƙarafa na Akodésséwa, rumfa rumfa, da zancen jan kwayil a bakinsa yana kwatance. Wani ya ce bai taɓa gani ba. Wani ya ce a dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Wani ya ba shi na wata mota, aka ɗaura, bashe ta ƙi tashi sam. Ya koma yawo da guntun sanfefa a aljihu. Kafin asuba, kafin Alhaji ya fito, zai buɗe distributa ya kankare bakin kontak ya hura, ya rufe, ya wanke hannu. Ya rame. Ko'ina ya zauna sai gyangyaɗi. Kullum kunnensa na kan inji, addu'arsa ɗaya, in za ta mutu ta bari sai ya sauke Alhaji.

Addu'ar ta karɓu, don ba ta taɓa mutuwa da Alhaji a ciki ba. Da nama take mutuwa. Da ta sake yi, a kan hanyar bakin teku, sai Sarkin fawa ya kira shi gefe ya ce wasu daga cikin mahauta sun fara magana da wani mai bashe. "Ni na riƙe su saboda mahaifinka. In ta ƙara, ba ni da abin cewa."

Ran nan Sabitu ya koma gareji, ya ciro baƙin kwayil daga ƙarƙashin kujera, ya miƙa wa Fo Komlan. Ya ce, "Sa wannan inda ido ba zai gan shi ba. Jan kuma ka bar shi inda yake."

Fo Komlan ya dube shi, ya girgiza kai, amma ya yi. Ya ɗaure baƙin can ƙasa bayan batir, ya ja wayoyinsa ta ƙarƙashi. Jan ya zauna a mazauninsa yana sheƙi, da kakkaurar wayarsa a ka. Wayar ta gangara bayan inji, aka ɗaure ƙarshenta da robar tayar keke, ba ta haɗe da komai.

Motar ta warke kamar ba ita ba. Nama ya koma isa kasuwa da sanyin safiya, Sarkin fawa ya koma yi masa ba'a. Alhaji kuma ya ƙara sakewa. Har yanzu gilashi yake yi wa magana, amma maganar ta yi tsawo: tsadar kwastan, ciwon gwiwarsa, yadda tsohon Zongo yake lokacin da mutum zai fito gida ya taka zuwa rumfarsa. Wata safiya ya fasa goro, ya ci rabi, ya ajiye rabin a gaban sitiyari. Sabitu bai iya ci a gabansa ba, sai da ya sauke shi. Ya ci goron yana jin daɗi, yana kuma jin kansa kamar ɓarawo.

Abin ya zo ne ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Dattawa na zaune kan tabarmi a ƙofar gidan Alhaji. Cikinsu akwai Malam Iddi, wanda ya yi tuƙin babbar mota a hanyar Kumasi da ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin ba a isa a yi zancen mota bai sa baki ba. Alhaji ya sake ɗauko labarin jan kwayil. Malam Iddi ya ce shi dai a saninsa kwayil kwayil ne, 'yan Legas fenti suka sayar masa. Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Daidai lokacin tsautsayi ya kawo Sabitu, zai sauke Zuhura da yara su gai da Inna. Ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, bai kashe inji ba don ba zama zai yi ba. Ya fito ya durƙusa ya gai da dattawa.

Alhaji ya ce, yana duban Malam Iddi, "A buɗe masa gaban motar ya gani da idonsa."

Sabitu ya tashi ya nufi wurin makulli.

"A bar ta tana aiki," in ji Alhaji. "Ya ji muryarta."

Da wani ne ya faɗa, da Sabitu ya kashe ta ya kawo dalili, ko ya ce mai ya kusa ƙarewa. Amma Alhaji ne, a gaban mutane. Ya janye hannunsa daga makulli, ya ɗaga murfin inji, ya koma gefe ya sunkuyar da kai.

Dattawa suka taso suka kewaye motar. Jan kwayil na nan tsaf, don kullum Sabitu na goge shi. Wani ya ce tubarkalla. Malam Iddi ya naɗe hannun riga.

"Kyau ba shi ne aiki ba," ya ce. "Yanzu za mu sani. In na zare wannan waya ta kansa, mota za ta mutu, wuta kuma za ta yi tsalle. In ja ce mai rauni, irin ta kowa ce. In shuɗiya ce mai ƙara, Alhaji, na ba ka gaskiya a gaban jama'a."

"Zare," in ji Alhaji.

Sabitu ya buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, za ta ja ka." Malam Iddi ya yi dariya, ya naɗe hannunsa da hankici, ya ce wutar manyan motoci ma ba ta kashe shi ba. Ya kama wayar ya fizge, yana kau da fuska.

Ba wuta, ba ƙara. Injin ya ci gaba da aikinsa lafiya lau, ko tari bai yi ba.

Malam Iddi ya dubi wayar a hannunsa. Ya matsa da ita kusa da bakin kwayil, ko ƙyas. Ya ɗan ja ta, sai ga ta ta biyo shi gaba ɗaya, da guntuwar robar keke tana lilo a ƙarshenta. Ya leƙa ƙasa, ya bi sauran wayoyin da ido har bayan batir, ya ga abin da ke can. Ya yi ƙoƙarin mayar da wayar inda take, kamar hakan zai gyara wani abu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Alhaji ya tsaya yana duban jan kwayil, ya daɗe. Sannan ya gyara hularsa, ya ce bari ya shiga ya sabunta alwala, alhali la'asar da saura. Dattawan suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da wani uzuri. Sabitu ya rage shi kaɗai da inji yana ta aiki.

Zuhura ba ta dawo gida ba sai gab da magariba. Yana zaune a tsakar gida, ko rigar Juma'a bai cire ba.

"Kin gaya masa dalili?"

"Na gaya masa. Kontak, nama, Sarkin fawa, duka."

"Ya ce me?"

"Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa." Ta zauna a bakin ƙofa, ta kwance ɗankwali, ta gaji ita ma. "Sai ya ce, ashe duk safiyar nan da nake yabon abin, yana jina."

Da asuba Sabitu ya fito a kan lokaci. Alhaji ba ya inda ya saba tsayawa. Sai can gaba ya hango shi, wajen da masu tasi ke lodi, cikin mata masu kwanduna, yana jingine da sandarsa saboda gwiwa. Sabitu ya tsaya, ya fito, ya zagayo, ya buɗe ƙofar gaba. Sannan ya cire takalmi ya durƙusa a bakin titi.

"Ina kwana, Baba."

Alhaji ya amsa gaisuwar cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali. Kuma yana yi yana duban Sabitu a fuska, ido cikin ido, da fara'ar da yake yi wa mai sayen shadda a rumfa.

"Je ka abinka, direba," ya ce. "Kada naman mutane ya lalace."

Tasi ta zo, aka matsa masa ya shiga baya tare da masu kwanduna. Sabitu ya sa takalminsa, ya rufe ƙofar da ya buɗe, ya kama hanyar mayanka.